Zagaye Ostireliya a kan keke da tanti: ta ina zan fara, kuma a wane wata?

Mai_Sirdi88:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata niyya da na daɗe ina juyawa a zuciya, yau na ce bari in fito da ita in ji ta bakinku. So nake in zagaye ƙasar Ostireliya a kan keke, ina kwana a tanti duk inda dare ya yi mini. Babbar hanyar da ta kewaye ƙasar, Highway 1, tsawonta kusan kilomita 14,500 ne. A lissafina, in zan riƙa cin kilomita 100 kullum, wata biyar ya ishe ni. Tunanina in sauka Sidni a Disamba, lokacin da nake samun dogon hutu, in miƙe arewa. Masu sani a cikinmu don Allah ku duba mini wannan tsari. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin keken da zan saya da kuma nauyin kaya.

Baban_Hanan:
Wa'alaikumussalam. Allah ya cika buri. Amma ƙanena ajiye zancen keke tukuna, watan da ka zaɓa shi ne abin dubawa. Disamba a can tsakiyar zafi ne. Sannan duk arewacin ƙasar, tun daga Cairns zuwa Darwin har Broome, damina ake yi daga Nuwamba zuwa Afrilu, kuma lokacin guguwar teku ke nan. In ka bar Sidni a Disamba ka yi arewa, za ka kai kanka cikin ruwan daidai lokacin da ya fi ƙarfi. A Janairun 2023 ambaliya ta karya gadar da ke Fitzroy Crossing, wadda ke kan kwalta ɗaya tilo da ta ratsa yankin Kimberley na arewa maso yamma, sai a Disamban shekarar aka buɗe sabuwa. Inda manyan motoci suka tsaya cirko-cirko, mai keke ina za shi?

Zee_Nas:
Ga kuma zafin. An auna digiri 50.7 a garin Onslow na yammacin ƙasar a Janairun 2022. Ba yanayin da jiki zai iya tuƙa keke da kaya a cikinsa ba ne.

Mai_Sirdi88:
Na gode Yaya Baban_Hanan, na gode Malama Zee. To in na juya, in fara ta kudu fa? Sidni, Melbon, Adelaide, sannan Perth. Kafin in kai arewa damina ta wuce.

Injiniya_WA:
Wannan ya fi na farko, amma zai jefa ka Nullarbor, shimfiɗaɗɗen filin nan marar bishiya da ke kudu tsakanin Adelaide da Perth, a Janairu ko Fabrairu. Ni a Perth nake zaune kuma na taɓa ratsa wannan hanyar a keke, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Yawancin masu wannan zagaye suna bin ƙasar ne saɓanin yadda hannun agogo ke juyawa: su hau gabas zuwa arewa, su ratsa arewa zuwa yamma, su gangaro Perth, sannan su dawo gabas ta kudu. Dalilin iska ne. Daga Mayu zuwa Satumba iskar arewacin ƙasar daga kudu maso gabas take kaɗawa, wanda ya nufi yamma tana bayansa. A kudu kuma, lokacin sanyi da bayansa kaɗan, daga yamma ta fi zuwa, wanda ya nufi gabas shi ke cin moriyarta. Mai mota ba ya sanin wannan bambancin. Mai keke da jakunkuna huɗu a jiki kuwa, ranar da iska ta tare shi ta gaba a fili marar bishiya, abin da zai ci a wuni bai kai rabin na ranar da take bayansa ba, kuma ya fi gajiya, ya fi shan ruwa.

Shawarata ka fara daga Brisbane a farkon Afrilu. Ka isa Townsville damina na ƙarewa, ka shiga ciki ta Mount Isa, ka yi Yuni da Yuli a arewa lokacin da sama take garau, ka sauko yamma, ka ratsa Nullarbor wajen Oktoba.

Dogo_Feda:
Injiniya ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Kowa na maganar iskar arewa da ta kudu, ana manta gaɓar yamma. Daga Carnarvon zuwa Perth iskar kudu ce ke mulki, tana ƙara ƙarfi daga Oktoba zuwa cikin zafi. Duk wanda ya wuce ta Greenough kusa da Geraldton ya ga bishiyoyin nan da suka kwanta a ƙasa saboda ita. Mai bin tsarinka zai sha wannan iskar a fuska ɗaruruwan kilomita. Babu ɓangaren da za ka bi ka ce ka tsira, sai dai ka zaɓi inda za ka biya bashin.

Injiniya_WA:
Gaskiyarka Malam Dogo, shi ya sa na ce Afrilu ba Yuni ba. In ya kai Perth kafin ƙarshen Satumba ya kauce wa mafi muninta. Wanda ya makara wata biyu shi ne zai gamu da abin da kake faɗa.

Hajiya_Mama:
Ni dai tambaya ɗaya gare ni, ɗana. Kai kaɗai za ka? Ka sami abokin tafiya mana. Ko ba komai in ɗaya ya faɗi ɗaya zai nemo taimako.

Mai_Sirdi88:
Hajiya ina nema, amma samun wanda zai ajiye aikinsa watanni ba sauƙi. In ban samu ba ni kaɗai ne, da yardar Allah.

Abu_Lissafi:
Bari in taɓa lissafin kilomita 100 ɗin nan. 14,500 a raba 100, kwana 145 ke nan, ba hutu ko na yini ɗaya, ba ciwo, ba gyaran keke, ba ranar da ruwan sama ya tsare ka a tanti. In ka sa 80 a rana, ka haura kwana 180 a kan sirdi kawai. Ƙara hutun kwana ɗaya bayan kowane biyar, ka wuce wata bakwai. Ka yi shirin wata takwas zuwa tara, in ka gama da wuri riba ce.

Wani abu kuma: ba duk Highway 1 ce kwalta ba. Ɓangaren da ya bi ta Normanton zuwa Borroloola akwai dogon burji da mashigan ruwa. Masu keke da yawa suna barin sa su bi Barkly Highway zuwa Threeways, daga nan su hau Stuart Highway. Sannan a kusa da manyan birane akwai titunan da aka hana keke hawa, dole ka zaga. Saboda haka 14,500 ɗin ma ba shi ne adadin da za ka taka ba.

Injiniya_WA:
Tunda Abu_Lissafi ya ambaci Barkly, mu zo kan ruwa, don a wurina shi ne ainihin tafiyar. Ba kai ke yanke nisan da za ka yi a rana ba, wurin ruwa na gaba ne ke yanke maka.

Daga Camooweal zuwa Barkly Homestead kimanin kilomita 260 ne ba gari. Fitzroy Crossing zuwa Halls Creek wajen 290. Daga Broome zuwa gidan man Sandfire ya haura 300. A Nullarbor, Norseman zuwa Ceduna kusan 1,200 ne, abin da ke tsakani gidajen mai ne masu ɗan shago da ɗakunan kwana, kuma tun tashin farko daga Norseman zuwa Balladonia kimanin 190 ne. In aka cire 1,200 ɗin, kowane ɗaya daga cikin waɗannan kwana biyu ne zuwa huɗu a keke mai kaya.

Yanzu yi lissafi. Ruwan sha da na girki, a rana mai ɗumi, lita shida zuwa takwas ba ɓarna ba ne. Kwana uku ya tasam ma lita 20, kowace lita kilo ɗaya. Ka ga ke nan tambayarka ta nauyin kaya ta amsa kanta: duk dabarar rage nauyin tanti da tukunya, ruwa zai zo ya ɗora maka kilo 20 a kai. Kada ka zuba shi a mazubi ɗaya. Raba shi gorori da jakunkunan ruwa daban-daban, in ɗaya ya huje ba ka rasa duka ba. Tankunan ruwan sama da ke wasu wuraren hutawa kuma kada ka sa su a lissafi, na sha isa na murɗa famfo ba ko ɗigo. In ka tarar da ruwa a ciki ka tace ko ka tafasa. Gidajen man Nullarbor su ma ruwan wahala suke samunsa, wasu tace na rijiya mai gishiri suke yi, saboda haka ka shirya saye, kada ka ji haushi in ba a ba ka kyauta ba.

Ummu_Sadiq:
Amma na ji masu motocin yawon buɗe ido suna tsayawa su ba masu keke ruwa. Haka ne?

Injiniya_WA:
Haka ne, musamman tsofaffin da suka yi ritaya suke yawo da motocin kwana a lokacin sanyi. Mutanen kirki ne, sau da yawa tun ba ka tambaya ba za su rage gudu su ɗaga maka gora. Amma alheri ne, ba tsari ba. Ka ɗauki abin da zai kai ka, in an ba ka ka gode.

Tsohon_Direba:
Ni ban san keke ba, tirela na ja a yankin ma'adinai na Pilbara, bari in faɗa maka yadda kake a idon direba. Motocin nan masu jan bodi uku tsawonsu ya kai mita 53.5, nauyinsu ya haura tan ɗari. Ba a taka musu birki su tsaya nan take, kuma bodin ƙarshe yana kaɗa wutsiya ko da kan motar na tafiya daidai. Doka ta ce a bar wa mai keke mita ɗaya da rabi in gudu ya wuce 60, kuma direbobi suna ƙoƙari, in hanya ba kowa har ɗaya hannun suke komawa. Matsalar ita ce ranar da wata motar ke tahowa ta gaba daidai lokacin da aka cim maka. A nan direba ba shi da wurin zuwa. Kai ne za ka sauka daga kwalta gaba ɗaya ka tsaya, ƙafa a ƙasa, har ta wuce, domin iskar da take ja tana iya fizgo ka ƙarƙashinta.

Sa madubi a keken. Sa riga mai ɗaukar ido. Kada ka toshe kunnuwanka da waƙa. Kuma a hagu ake tuƙi, ka sa wannan a ranka musamman da safe in ka fito daga daji za ka hau titi.

Dogo_Feda:
Baba Direba, me za ka ce game da tafiyar dare? Ni a wuraren zafi na fi son in tashi tun ƙarfe uku, in yi rabin tafiyar kafin rana ta fito. Iska kwance take, ruwa ma ba ka sha da yawa, fitilar mota kuma tun daga nesa kake ganinta.

Tsohon_Direba:
Ɗana ban goyi baya ba. Arewa da yamma yawancin hanyar ba shinge, shanu na kwanciya a kan kwalta da dare don ɗuminta, kangaru kuma asuba da magariba ne lokacin tsallakensu. Direba na kallon waɗannan, ga gajiya, sai ga ɗan jan haske ƙarami a gefen hanya. Tashi da hasken farko, wannan na yarda. Ƙarfe uku a'a.

Dogo_Feda:
Na ji, amma bugun rana ma kisa yake yi. Da fitilu masu ƙarfi gaba da baya ni dai ina nan kan ra'ayina.

Zee_Nas:
Ku biyun kuna da hujja, amma in ya bi watannin da Injiniya ya faɗa ba zai kai ga wannan zaɓin ba sosai. Ni abin da zan ƙara na lafiya ne.

Ruwa kaɗai ba ya isa in kana zufa wuni guda, gishirin jiki na fita. Riƙe ƙullin gishiri da sukari irin na masu gudawa, ka riƙa haɗawa. Fitsari in ya yi duhu ko ya ɗauke, ko ciwon kai da jiri suka zo, ka tsaya ka yi inuwa da shimfiɗar tantinka, kada ka ce bari in ƙarasa. Ranar can tana ƙona fata ƙwarai ko da gari ba zafi, riga mai dogon hannu da man kare fata wajibi ne.

Maciji: riƙe bandeji mai faɗi mai talewa guda biyu. In ya sare ka, ka naɗe tun daga yatsu har sama da ƙarfi, ka ɗaure gaɓar kada ta motsa, ka kwanta. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a wanke wurin, kuma ba a hawa keke a ce za a kai kai asibiti. Lambar gaggawa 000 ce. Sai dai kiran na buƙatar sabis, kuma tsakanin garuruwa sau da yawa babu, ko da layin Telstra wanda ya fi sauran kaiwa karkara. Shi ya sa nake roƙonka ka sayi na'urar nan ƙarama ta neman agaji ta tauraron ɗan'adam, PLB, ka yi mata rajista da AMSA, hukumar kula da tsaron teku ta ƙasar, kyauta ne. Ita ce amsar da zan ba Hajiya_Mama in ba a sami abokin tafiya ba. Akwai likitocin jirgin sama, Royal Flying Doctor Service, har an shata musu wuraren sauka a kan kwaltar Eyre Highway da ta ratsa Nullarbor, amma sai sun san kana ina. Inshorar lafiya kuma ka karanta ta da kyau ka tabbata ta ƙunshi doguwar tafiyar keke da ɗauko mutum daga daji.

Hajiya_Mama:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Hankalina ya ɗan kwanta, ba duka ba.

Baban_Hanan:
A ƙara da kada. Daga wajen Rockhampton har zagayowa Broome, duk kogi ko tafki ka ɗauka akwai kada a ciki ko ba allon gargaɗi. Hukumomin Queensland cewa suke a kafa tanti aƙalla mita 50 daga bakin ruwa. Mai keke da ya sha rana shi ne ya fi kowa sha'awar faɗawa ruwa, a nan haɗarin yake.

Bakanike_Sarƙa:
An bar mutum da tambayarsa ta keke tun sama, bari in amsa. Ba sai mai tsada ba, sai mai ƙwari wanda kowane mai gyara zai gane. Ni na fi son jikin ƙarfe, yana ɗaukar kaya, in ya tsage mai walda na iya ɗinke shi ka kai gari. Amma inda keke ke mutuwa a irin wannan tafiya ƙafar baya ce. Nemi mai wayoyi 36, ka kai wa gwani ya ɗaure ta da hannu kafin ka tashi. Ranar da ka ɗora lita 20 na ruwa, wayoyin gefen sarƙa ne ke fara tsinkewa, kuma ba ka iya sa sabuwa sai ka cire giyoyin baya, saboda haka ka riƙe ɗan makullin cire su da wayoyi na ajiya. Kariyar ɗora kaya gaba da baya, ta ƙarfe, ka raba nauyin kada duk ya tare a baya.

Taya: mai faɗi, mai kariya daga huji, irin su Schwalbe Marathon. Akwai ƙayoyi masu tsini a gefen hanya da wuraren da za ka tura keken cikin daji, kafin ka hau ka shafa tayar ka cire su. Riƙe tayar ajiya ɗaya mai naɗewa, tif biyu ko uku, kayan faci, famfo mai kyau, wayar birki da ta giya, mahaɗin sarƙa. Sarƙa ba za ta kai ka ƙarshe ba, za ka canza ta fiye da sau ɗaya, ka duba ta a manyan garuruwa irin su Darwin da Perth. Giya kuma ka sa mai sauƙi sosai, ba don tsauni kaɗai ba, don ranar iska.

Sirdi kada ka tafi da sabo. Wanda jikinka ya saba da shi watanni shi za ka ɗaura.

Dogo_Feda:
Oga Bakanike, zancen walda a daji ana yawan faɗa, amma bututun kekunan yanzu siriri ne, mai waldar gidan gona zai iya huda shi. Na alminiyam mai kyau ma yana zagaye ƙasar lafiya.

Bakanike_Sarƙa:
Yana yi, ban musa ba. Amma wanda aka huda aka toshe yana tafiya, wanda ya karye ba mai taɓawa sai a mota.

Malam_Tarihi:
Kuna ta ƙarfe da alminiyam, ku tuna da Arthur Richardson. Ya bar Perth a Yunin 1899, ya yi arewa, ya dawo Perth a Fabrairun 1900, shi ne na farko da ya zagaye nahiyar a keke. Tun a 1896 ya riga ya ratsa Nullarbor daga Coolgardie zuwa Adelaide. Babu kwalta a lokacin, don Eyre Highway sai a 1976 aka gama shimfiɗa mata, ɓangaren Fitzroy Crossing zuwa Halls Creek kuwa sai 1986. Abin lura shi ne ko shi a Yuni ya tunkari arewa, cikin rani. Kuma yadda hannun agogo ke juyawa ya bi, saɓanin tsarin Injiniya.

Ummu_Sadiq:
Ni kuma tambayata daban ce, kada ka ji haushi ɗan'uwa. Me ya sa sai zagaye? Daga abin da ake faɗa a nan, dubban kilomita kwalta ce miƙaƙƙiya da tireloli. Tsakanin Balladonia da Caiguna an ce kilomita 146.6 ne ba lanƙwasa ko ɗaya. Da ni ce, da na zaɓi wurare biyu ko uku masu kyau na yi su a natse, na hau jirgin ƙasa ko bas a tsakani. Tsibirin Tasmaniya da ke kudu ma a Disamba da Janairu ne lokacinsa, daidai hutunka, jirgin ruwa na ɗaukar keke daga Geelong zuwa Devonport.

Injiniya_WA:
Malama shawararki mai kyau ce, amma zan kare wuraren nan da ake cewa ba komai. Ni su na fi tunawa. A Nullarbor akwai inda hanya ke matsowa bakin gaɓar Bunda, ƙasa ta yanke tsaye sai teku a ƙarƙashinka, kuma daga Yuni zuwa Oktoba manyan kifayen whale na zuwa da 'ya'yansu a Head of Bight, kana tsaye a sama kana kallonsu. Wanda ya zo a mota ya gani ya wuce. Wanda ya yi kwanaki yana takawa kafin ya iso, daban yake ganinsa. Girman ƙasar shi ne abin da mutum ya zo gani, in ka tsallake shi a bas ka ga wasu wurare ne, ba ƙasar ba.

Ummu_Sadiq:
Na fahimta. Amma wanda ya tafi don zagaye ya gaji a wata na uku ya dawo da baƙin ciki fa? Wanda ya yi niyyar kaɗan ya cika ta ya fi shi kwanciyar rai.

Abu_Lissafi:
Ana iya haɗa maganganunku. A raba zagayen gida biyu, arewa a rani ɗaya, kudu a wata shekarar. Mutane na yin haka.

Lauya_Ba_Kotu:
Kafin a kai ga wannan, takardu. Bizar baƙo, subclass 600, ana ba da ta wata uku, shida ko goma sha biyu, kuma ba a aiki da ita. Tafiyar wata takwas na buƙatar ta shekara, za su so ganin kuɗin da zai riƙe ka da dalilin da zai mayar da kai gida. Ka samu bizar kafin ka sayi tikiti ko keke.

A filin jirgi suna da tsanani kan ƙasa da tsirrai. Keke, turakun tanti, takalma, duk ka wanke su tas, ka kuma rubuta a katin shiga cewa kana ɗauke da su. Cikin ƙasar ma akwai shingen bincike: shiga Western Australia ta wajen Kununurra ba a wucewa da ɗanyun 'ya'yan itace, kayan lambu ko zuma, in ka nufo gabas kuma a Ceduna za a duba ka. Kada ka cika jaka da guzuri ana gobe za ka isa shinge. Hular kwano dole ce a doka, ana cin tara.

Mai_Sirdi88:
Barista, kwana a daji fa? Ko'ina zan iya kafa tanti?

Lauya_Ba_Kotu:
A'a. Dokar ta bambanta daga jiha zuwa jiha, har daga ƙaramar hukuma zuwa wata. A cikin gari da bakin teku na gabas ana hanawa sosai, sai ka shiga wurin zango na kuɗi. Gandun dajin gwamnati yawanci sai ka kama wuri ka biya. Filayen 'yan asalin ƙasar, Aborijin, in za ka bar babbar hanya ka shiga, da yawa sai da takardar izini, kuma haƙƙinsu ne a girmama. A karkara mai nisa akwai wuraren hutawa da aka yarda a kwana, manhajar WikiCamps na nuna su. Sai ranakun da aka hana kunna wuta gaba ɗaya saboda gobarar daji: a jihohi da dama ko rishon gas ba a kunnawa a fili, ka riƙe abincin da ba sai an dafa ba.

Injiniya_WA:
In dare ya kama ka tsakanin wurare, ka shiga nesa da titi inda fitilar mota ba ta kai, kada ka tsallake shinge, kada ka kwana a busasshen rafi, da safe ka kwashe sharar ka duka. Tantin ya zama mai tsayuwa da kansa, akwai ƙasar da turke ba ya shiga. Kuma kada sunan zafi ya ruɗe ka, daren hamada a Yuni da Yuli sanyi ne na gaske, yana kusantar sifili, jakar barci mai kauri za ka nema. Ragar rufe fuska saboda ƙudaje ma ka saya, ba ta da nauyi.

Mai_Sirdi88:
Jama'a Allah ya saka da alheri. Disamba dai na janye ta a matsayin ranar fara zagaye. Abin da nake gani yanzu: hutun Disamban nan in yi gwaji, ko Tasmaniya kamar yadda Ummu_Sadiq ta ce, da cikakken kaya, in ga abin da jikina da keken za su ce. In ya yiwu in nemi hutun wata tara ba albashi, in fara daga Brisbane a Afrilu. In bai yiwu ba sai rabawar Abu_Lissafi. Abin da ban yanke ba shi ne hawa Darwin. Daga Katherine zuwa can da dawowa ƙarin kilomita 600 ne da wani abu.

Baban_Hanan:
Ka je. Nan ne za ka sami shagon keke na sosai kafin Kimberley, kuma jiki na son hutu a lokacin.

Dogo_Feda:
Ni cewa zan yi ya bar keken a Katherine ya hau bas ya je ya dawo. Mako guda da zai kashe a wannan hanyar shi ne zai rasa a gaɓar yamma lokacin da iskar kudu ta fara.

Injiniya_WA:
Don gwaji kuma akwai hanyar keke ta Munda Biddi a nan yamma, daga Mundaring zuwa Albany, ta haura kilomita 1,000 cikin daji, da rumfunan kwana a hanya. Sai dai ba a Disamba ba, zafi da gobara.

Bakanike_Sarƙa:
Duk inda za ka yi gwajin, ka ɗora ruwan nan lita 20 ko da ba ka buƙatarsa, ka yi wuni biyu da shi. In ƙafar baya za ta yi magana, gara ta yi kusa da gari. Faɗa mini tsawonka da girman tayar da kake tunani, 26 ko 700, in gaya maka irin kariyar da za ta hau.

Mai_Sirdi88:
Tsawona santimita 178 ne Oga, kuma 700 nake tunani. Akwai matsala?

Bakanike_Sarƙa:
Babu. A shagunan can ma yanzu ita ta fi sauƙin samu. Ka dai tabbata jikin keken zai karɓi taya mai faɗin milimita 40 ko fiye, da gurbin ɗaura kariyar gaba a cokalin. Turo hoton wanda kake so kafin ka biya.